Shekarar da Ragar Gola Ta Tafi Su

Ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune a inuwar sito ina gyaran wata raga, sai ga samari uku sun tsaya a kaina, irin masu zuwa kallon atisaye da waya a hannu. Ɗaya ya ce, "Baba Haladu, kai dai ka huta. Ka rataya raga ranar wasa, ka sauke da yamma, shi ke nan an gama aiki." Na miƙa masa allurar na ce ya yi mini ƙulli ɗaya tak. Ya juya ta nan, ya juya ta can, ya ɗaure ɗan yatsansa tamau, sai da na sa wuƙa na cece shi. To saboda irinsu nake wannan rubutu. Ku yi haƙuri da yadda ya fito, karatuna na yaƙi da jahilci ne, kuma ba a gama yaƙin ba na gudu.

Ni mutumin Guri ne, masunci ɗan masunci. A hannun Kawu Maina na koyi saƙa, ƙanin mahaifiyata, mutumin da ban taɓa jin ya yabi ƙullin kowa ba har nasa. Damina biyu ya hana ni taka kwale-kwale. Ina ƙarƙashin tsamiya da zare, sa'o'ina suna can suna jefa birgi, wato ragar jifa, suna yi mini gwalo. Kayan aikinmu huɗu ne: allurar gora da ake naɗa zare a cikinta, ɗan katakon awo da ke daidaita idon raga, wuƙa, sai na huɗu wanda Allah ne ke ba mutum, wato babban yatsan ƙafa. A nan ake maƙale bakin raga a ja. Wanda ya ga yatsana na dama zai san na yi aiki, ya karkace kamar yana fushi da 'yan'uwansa.

Da yatsu ake auna idon raga. Yatsa ɗaya na ƙananan kifi ne, uku na karfasa, in ka ga tafin hannu yana shigewa to giwan ruwa ake nema. Idan na gama saƙa, Kawu zai zo ya zaɓi ƙulli ɗaya a tsakiya ya yanke, ya zura hannunsa har kafaɗa ta wurin, ya ce, "Ka gani? Ƙulli ɗaya ya tafi, ido huɗu sun zama ɗaya. Ta nan abincin gidanku zai fita." Sai in sake. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta, da kunya.

Da kacalla ta cinye hanyoyin ruwa a wajenmu, ciyawar nan mai tsawo da ke toshe kogi, kifi ya ja baya, na tattara na dawo Haɗeja. Na samu gindin wata rumfa a kasuwar kifi ina gyara wa mutane ragoginsu, su taru da koma. A nan Alhaji, ciyaman ɗin ƙungiyar ƙwallonmu, ya same ni. Shekarar ce ƙungiya ta hau babbar gasar ƙasa, ta ƙwararru, kuma ragogin kanti da suka saya rana ta dafa su, kana taɓawa suna zuba kamar garin rogo. Ya zo sayen banda ne, ya tsaya yana kallon hannuna.

"Malam, za ka iya saƙa wadda za ta kama ƙwallo?"

"Ranka ya daɗe, ƙwallon nan tana da haƙori?"

"A'a."

"Tana da ƙaya a baya kamar kurungu?"

"Babu."

"To ai wannan hutu ka kawo mini."

Kun ga ke nan ni ma da bakinku na fara. Ba ku kuka ƙirƙiro wautar ba, gadonta kuka yi.

Raga ta farko da na saƙa musu, na yi ta yadda aka koya mini. Na jera mata darma a gindi don ta zauna, na jiƙa ta kwana uku a ruwan bagaruwa don ta yi ƙarko, ta fito ja wur kamar fatar dukawa. Ranar gwaji golanmu ya koma da baya zai kama ƙwallo, ya taka darma, ya zauna daɓas, ya tashi yana neman wanda ya jefe shi. Jami'in da aka turo duba fili kuwa ya zagaya ta sau biyu, ya tambaya ko kifi muke shirin kamawa a wurin. Aka ce fara ake so, kuma ba ƙarfe. Na kwance darmar na zuba a buhu na ajiye a sito, don masunci ba ya zubar da darma. Na sake saƙa biyu da farin zare mai kauri, ido tafin hannu, ɗaya ta kudu ɗaya ta arewa.

Aikin ranar wasa ba ratayawa ba ce kawai. Tun hantsi zan bi kowane ƙulli da yatsa, layi layi, kamar mai jan carbi. In ɗaure ta a sandar sama, in bi turaku biyu, in kafe gindi ta yadda ko ɓera ba zai wuce ta ƙasa ba. Ba a ja ta da yawa, don in ta yi tauri ƙwallo za ta buga ta dawo fili, a yi ta musu ta shiga ko ba ta shiga ba. Ba a sake ta da yawa, don kada ta naɗe ƙafar gola. Sannan kafin a busa usur mai tuta zai zo, mataimakin alƙalin wasa, ya jijjiga ta ya leƙa. Wannan shi ne babban abokin cinikina, kuma bai taɓa ce mini sannu ba. 'Yan wasa su ma kowa da halinsa. Gola yana rataya tawul ɗinsa a jikinta, wani in ya ci ƙwallo sai ya faɗa ciki ya yi lilo, ni kuma ina baya ina salati.

Zagayen farko na wannan kaka, kai, Haɗeja ta sha daɗi. Mako ɗaya muna gida, mako ɗaya muna waje. Ƙungiyoyin da da sai a rediyo muke jin sunansu, ga su a garinmu da dogayen motocinsu, daga Legas, daga ƙasar Inyamurai, daga bakin teku, suna saukowa suna goge gumi suna tambaya ko kullum haka ranarmu take. Mukan ce musu ai yau da sauƙi. Mutanen Kaugama su ciko motoci, na Guri su zo da ganguna, masu soyayyen kifi da rake da awara su kewaye fili. Manoman shinkafa sukan bar fadama tun azahar. A gida ba wanda ya iya da mu. A waje kam, kada mu tsawaita, mukan je mu gaishe su mu dawo.

Mai ci mana ƙwallo wani yaro ne daga Filato, Bitrus, siriri kamar sandar rake, amma in ya saki ƙafar hagu sai ka ji ragar ta yi nishi. Shi kaɗai ne yake zuwa ya zauna kusa da ni in ina gyara.

"Baba, ka ƙara mata ƙarfi. Ranar Lahadi zan yaga ta."

"Ɗana, giwan ruwa bai yaga saƙata ba, balle kai da ko tuwo ba ka gama ci."

"Za ka gani."

"Ka fara samun ƙwallon tukuna."

Sai aka tafi hutun tsakiyar kaka. Ruwa ya fara ja da baya a fadama, lokacin da kifi ke taruwa a gurabu masu zurfi. Na je Guri gaida Kawu Maina, wanda a lokacin ya tsufa ƙwarai, ba ya shiga ruwa sai dai ya zauna a gaɓa yana zagin ƙullin mutane. Ya ce mini akwai wani giwan ruwa a gurbin da ke bayan gari, ya yaga ragar mutum uku. Irinsa ya yi wuya yanzu, tun zuwan kacalla. Ya dubi sama, sannan ya ce, "Ita ragar nan taka ta 'yan ƙwallo, idonta nawa?"

"Tafin hannu, Kawu."

"Zaren fa?"

"Mai kauri."

"Kuma yanzu me take yi?"

"Tana sito, tana hutu."

"Raga tana hutu," in ji shi, kamar na ce masa na ga jaki yana salla. Shi Kawu bai ce in ɗauko ba, wannan zan shaida ko a gaban alƙali.

Washegari na gaya wa mai gadin fili zan kai ragar kudu wanki. Ban yi ƙarya ba, ta shiga ruwa. Na ɗaura mata guntayen tsofaffin silifa a sama don ta yi iyo, na mayar mata da darmarta ta buhu a ƙasa, na gitta ta a bakin gurbin. Kwana biyu ba komai. A na uku da hantsi silifan nan suka nutse gaba ɗaya, kwale-kwale ya yi gaba ba da izinina ba. Sai da muka taru mu huɗu muka fito da shi. Da aka kwantar da shi a gaɓa ya kusa kai ni tsawo, ko da yake ni ba dogo ba ne. Ragar kuwa ko zare ɗaya bai tsinke ba. Kawu ya bi ta da yatsa, ya ce, "Ba laifi." Shekara arba'in ina jiran wannan kalma.

To ga inda al'ada ta shigo. A wurin masunta, mai raga yana da kasonsa ko bai jiƙa ƙafa ba. In ka ari ragar mutum ka kama kifi ka hana shi rabonsa, ka ci haram, kuma ba mai sake ara maka ko igiya. Kawu da kansa ya yi rabon. Ya ware nasa, ya ware nawa da na waɗanda suka taya ni ja, ya nuna kai da tsakiya ya ce, "Wannan na masu raga ne." Na yi ta 'yan dabaru, ya ce in ban kai ba shi zai hau mota ya kai.

Haka na kai kan kifin gidan Alhaji na ce tsaraba ce daga Guri. Tsakiyar na kai sansanin 'yan wasa, wurin Maman Rahila mai dafa musu abinci, mutuniyar kudancin Kaduna da ta daɗe a garin nan. Ta dafa farfesu a tukunyar biki. Yaran sun dawo daga hutu ke nan, suka ci har koci ya hana atisayen yamma. Bitrus ya sha kwano uku, ya ce, "Baba, Allah ya ƙara wa mai ragar da ta kama wannan albarka." Na ce amin da ƙarfi.

Kuskuren ba zuwa su ba ne, wato kamun kifin, in kun tambaye ni. Kuskuren wanki ne. Ragar da ta sha kifi, sai an jiƙa ta da toka an shanya ta kwanaki kafin ƙarni ya fita. Ni na yi sauri, na cuɗa ta da garin sabulu, na shanya wuni ɗaya, na shinshina na ji ƙamshi, na naɗe na jefa a sito. Hancina ya gamsu. Hancin ɓera bai gamsu ba.

Wasan farko na zagaye na biyu a gida ne. Ran nan na makara, kuma a karo na farko tun da na fara aikin ban bi ƙulli da yatsa ba. Na ce ragar da ta riƙe giwan ruwa me za a duba a jikinta. Mai tutar da aka turo gajere ne irina, ya jijjiga ƙasa da gefe, bai kai kusurwar sama ba. Aka yi ta fafatawa ba ci. Saura kaɗan a tashi Bitrus ya samu ƙwallo a bakin da'ira, ya saki ƙafar hagun nan. Ina zaune a bayan ragar kudu, da idona na ga ƙwallon ta shiga ta ƙarƙashin sanda, a kusurwar dama. Da idona kuma na ga ta fito ta baya, ta wuce kaina, ta faɗa cikin tiren mai rake. Ɓera ya ci ƙulli ɗaya ya bar shi da zare kamar gashi. Ido huɗu sun zama ɗaya.

Rabin fili na ihun an ci, rabi na tambaya. Alƙali ya ga ƙwallo a waje, ya dubi mai tuta, mai tuta ya ce shi ya duba raga lafiyarta ƙalau. Aka ce ta sama ta bi, gola ya buga daga gida. Bitrus ya ruga ya ɗare turke ya zura kansa ta ramin yana nuna musu, alƙali ya ce shi ya yaga yanzu, ya ba shi katin gargaɗi. Aka tashi canjaras. Maki uku suka koma ɗaya. Abin da aka faɗa wa alƙalin nan da iyayensa a ranar ba zai rubutu ba, kuma bawan Allah bai ci ko tsoka ɗaya ta kifin ba.

Da safe ina sito ina kallon ramin, sai ga Bitrus. Ya gaishe ni har ƙasa kamar kullum, sannan ya buɗe tafin hannunsa. Ɓawon kifi ne guda ɗaya, faɗinsa ya kai tsohon kwabo.

"Baba, a gashina na samu wannan, bayan na zura kai a ragarka."

"Ikon Allah."

"Kuma wurin yana ƙarni."

"Garin masunta ne, ɗana, ko'ina ƙarni yake."

"Baba. Farfesun nan."

"Ya yi daɗi?"

"Ya yi. Amma ƙwallona ta fi shi daɗi." Ya ajiye mini ɓawon a gwiwa. "Ni ba zan faɗa ba. Amma yanzu haka suna ofis suna rubuta ƙarar alƙali zuwa hukumar gasa. Sun ce an saye shi."

Na sa hulata na tafi. Alhaji na zaune, koci na tsaye, sakatare na rubutu. Na durƙusa na ce a dakata da takardar nan, na zayyana musu komai tun daga silifa har ɓera.

"Haladu," in ji Alhaji a hankali, "ragar ƙungiya ka kai kogi?"

"Ta je ta dawo, ranka ya daɗe. Har da tsaraba."

"Wace tsaraba?"

"Kan kifin da aka kai gidanka. Ai rabon mai raga ne. Ba a hana mai raga kasonsa."

Koci ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Sakatare ya sunkuya wai biro ya faɗi. Alhaji ya rufe fuska da hannu biyu, ya daɗe, don kan nan shi da surukansa suka ci, har ya aika mini da goron godiya. Da ya buɗe fuska ba dariya a ciki. Ya yayyaga takardar ƙarar, ya ce, "Saurara. In ƙungiyar nan ta faɗa gasar 'yan dagaji saboda makin nan biyu, kada in sake ganin ko inuwarka a filin nan, kuma ni da bakina zan gaya wa Haɗeja dalili. In mun tsira, magana ta mutu a ɗakin nan. Tashi."

Kun san garinmu. Mutumin da aka ce shi ya jefa ƙungiya ruwa saboda kifi, ko jikokinsa ba za su sayi gishiri a kasuwa lafiya ba. Ni da ban iya lissafi ba sai ga ni na zama malamin teburin gasa. Kowace Litinin ina wurin mai shayi ana karanta mini wa ya hau wa ya sauka. Muka ci wasu a gida, muka sha kashi a waje, golanmu ya ji ciwo, muka yi ta zamewa ƙasa kamar kwale-kwale mai yoyo. Duk inda aka tsaya aka ƙirga, sai wani ya ce, "Kai, da alƙalin nan bai cuce mu maki biyu ba." Ni kuma in ce, "Wallahi mutane ba tsoron Allah," in kurɓi shayina.

Sabuwar ragar kudu mako uku na yi ina saƙa ta. Kowane ƙulli sau biyu na zagaya shi, irin wanda ake yi wa bakin taru. A kusurwoyin sama na yi mata abin da ragar kanti ba ta da shi: na ƙara ido na sakar mata ciki, aljihu irin na gindin birgi, inda kifi in ya shiga ba ya samun hanyar komawa. Da na gama na rataya ta a bishiya, na ari buhun shinkafar Maman Rahila na jefa a ciki, sannan na hau na zauna a kan buhun. Ta fito ta same ni ina lilo, ta ce, "Baba Haladu, lafiya?" Na ce gwaji nake. Ta ce to in na gama haukan a mayar mata da shinkafarta. A sito kuma na daina ajiye raga a ƙasa. Na ɗaura waya daga rufi, na zura murfin gwangwani a tsakiyarta yadda ɓera in ya biyo zai zame, na kawo kyanwa. Kyanwar nan ban taɓa ba ta kifi ba, kada ta saba da ƙarnin ta yi abota da ɓarayi.

Wasan ƙarshe ya faɗo a gida, farkon damina, hadari na haɗuwa ta gabas. Lissafin ko ni na gane shi: in mun ci mun tsira, in canjaras ko kashi mun tafi. Tun azahar fili ya cika, mutane har kan katanga da rassan darbejiya. Na bi ƙulli da yatsa sau uku. Da mai tuta ya zo dubawa na kawo masa benci na ce ya hau ya ga sama. Ya dube ni kamar mahaukaci, amma ya hau.

A rabin farko mu ke tsaron ragar kudu. Can wajen tsakiya ɗan wasan gabansu, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya kutso ta gefe ya narka wata ƙwallo. Raga ta yi tsalle, 'yan bencinsu suka zubo fili suna murna, filinmu ya mutu. Ni kaɗai na san abin da ya faru, don a gabana aka yi: ta waje ta bugi gefen raga. Zaren ya shanye ta, ya tofar da ita waje. Da ragar kanti ce ta bara, ko wadda ɓera ya ziyarta, da ta ɓula ta shige, a ce an ci mu. Alƙali ya nuna bugun gida. Na ji wani a bayana yana cewa addu'ar malamai ce. Ban musa ba.

Aka juya, ragar kudu ta zama tasu. Muka yi ta kai hari kamar masu sussukar gero, ƙwallo ta ƙi. Ta bugi turke, ta bugi gola a fuska, ta bi sama. Iska ta taso, aka fara yayyafi. Na daina kallon wasan, na koma kallon kusurwar dama, ina ƙirga ƙulli. Ban ga wanda ya ba Bitrus ƙwallon ba. Ƙarar kawai na ji, sannan kusurwar nan ta kumburo ta yo kaina kamar za ta taɓa mini hanci, turaku suka girgiza. Na runtse ido ina jiran in ji ta a tiren mai rake.

Da na buɗe, tana nan. Ta faɗa aljihun, tana rataye a sama tana juyi, kamar karfasa a birgi. Ba mai musu, ko makaho ya zo ya shafa.

Filin ya tashi. Ganguna, ihu, hula a sama, wani tsoho ya rungume ɗan sanda. Bitrus bai ruga wurin 'yan kallo ba. Ya shige cikin raga, ya yi tsalle ya zaro ƙwallon daga aljihu, ya kai ta hanci ya shinshina sosai, sannan ya leƙo ni ta idon raga ya ƙwala, "Baba! Babu ƙarni!" Duk filin nan mutum biyar ne suka san abin da yake nufi. Na hango koci ya durƙushe a bakin layi, jama'a na cewa kuka yake don murna.

Mintunan da suka rage sun fi damina biyun da na yi a ƙarƙashin tsamiya tsawo. Da aka busa tashi ruwa ya sauko gaba ɗaya, aka ɗauki 'yan wasa a kafaɗa aka yi cikin gari da su. Ba wanda ke ɗaukar mai raga. Na jawo bencina na hau ina kwance igiya, don in ta kwana a jiƙe ta yi wari.

Ina cikin haka na ji an riƙe mini benci. Alhaji ne, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu.

"Haladu."

"Ranka ya daɗe."

"Ragogin nan biyu, in sun bushe, a gidana za su yi hutun bana. Ni zan riƙe makulli."

"Daidai ne, ranka ya daɗe."

Ya duba hagu, ya duba dama, ya matso. "Ita waccan tsohuwar, mai ramin. Tana nan?"

"Tana nan."

"Ta gyaru?"

"Ƙulli ɗaya ne."

"To ai har yanzu ta ƙungiya ce," in ji shi. "In ruwa ya ja baya ka kai ta Guri, kan kifin rabona ne."